Lawali, Bindiga Uku da Dirhami Ɗaya

Shekara huɗu ke nan cif, a cikin wannan wata, da muka binne Mahamman Lawali a ƙasar da ba tasa ba. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye, domin abin da ke zuwa mini ba irin maganar da ake yi wa mamaci ba ce. An hore mu da ambaton matattunmu da alheri, kuma Allah ya sani ba na idar da salla ban sa shi a addu'a ba. Amma gaskiyar magana ita ce har yau haushinsa nake ji. Idan kuwa na bi diddigin haushin nan a tsanake, sai in tarar fiye da rabinsa nawa ne.

Shekaranjiya na bi ta unguwar Al Rigga a nan Dubai, inda har yanzu ake fama da ginin tashar jirgin ƙasa duk da jirgin ya fara aiki, sai ya faɗo mini a rai. Da yana nan, da tuni ya sayi sabon littafi ya ja layi uku: jirgi, bas, tasi. Da ya hau kowanne sau goma yana duba agogo, kuma da ya ci gaba da makara a wurin aiki har sai ya kammala bincike. Haka Allah ya yi shi. In ka ba shi zaɓi biyu ka cuce shi, in ka ba shi uku ka kashe shi da ransa. Ruwan ido muke ce wa wannan a gida, sai dai nasa ruwan idon ya yi makaranta, yana yawo da rula da fensir.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Matamai, cikin Damagaram. Ya yi karatun Faransanci har ya kusa zama malamin makaranta, sai ƙafa ta kawo shi nan, ya sami aiki a wani shagon kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Ni kuwa Bakano ne, ina aikin takardun kaya a wani ofishi a Port Saeed. Kwantenar shagonsu ce ta haɗa mu. Yana jin bakina ya ce, "Ashe bawana ne ke riƙe da takarduna." Na ce masa in ban da Kano da har yau Damagaram ba ta san takalmi ba. Daga ranar muka ƙulle. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare ya san dokarsa. Kana iya tuɓe rigarka ka ba shi, kana iya yin mako a asibiti kana jinyarsa, amma ba za ka taɓa buɗe baki ka ce masa "ka iya" ba. A riƙe wannan, domin a nan gizo ke saƙa.

Mahaifinsa shi ne Sarkin Bakan ƙauyensu, wato shugaban maharba. Ƙasar gyaɗa ce, kuma babu manomin gyaɗar da bai san kurege ba. Ka shuka da safe, ya bi layinka da hantsi yana tone iri ɗaya bayan ɗaya, in gyaɗa ta ƙosa kuma gafiya ta karɓi aiki. A da maharba ke rage su, gona ta huta, tukunya ta sami nama. Amma maharban sun tsufa, 'ya'yansu sun watsu neman abinci, idon Sarkin Baka kansa ya fara hazo. Sai aka fara kawo wata guba a ƙullin leda ranar kasuwa, a cuɗa ta da dawa a zuba a bakin rami. Tsohon ya tsaya kai da fata ya ce ba a ƙasarsa ba, domin abin da ya kashe kurege zai kashe zabuwa, ya kashe kare, kuma wata rana wani zai tsinci mushe ya kai gida. Manoma suka ce ba su ƙi ta tasa ba, amma a nuna musu mafita. Shi kuma ya ce a yi haƙuri, ɗansa na Dubai zai zo da bindigar zamani kafin shuka.

A kaset wannan magana ta zo mana, ta hannun wani ɗan kasuwa da ya zo sarin yadi. A gabana Lawali ya juya kaset ɗin ya ɗauki amsa. "Baba, kada a sa guba. Ina nan tafe kafin ruwan farko." Abin da ya rataya a wuyan Lawali ke nan tun daga ranar: maganar tsoho a gaban mutanensa, wadda ya jingina da alkawarin ɗansa.

Kuma abin ba mai wuya ba ne. Baƙo ba ya mallakar bindiga a Dubai, don haka shirin shi ne ya koma gida ya nemi takardar izini, ya sayi abinsa a Yamai wurin masu lasisin sayarwa. Yana da halin saye, yana da hutun wata guda duk shekara. Abin da ya rage kawai shi ne ya san wace iri zai saya. Aikin mako ɗaya ne, in an yi nawa a ce biyu.

Allah ya haɗa shi da wani Balarabe mai sayen kaya a shagonsu, muna ce masa Bu Saif. Yana da gonar dabino can bayan gari, yana da bindigogi masu takarda da yake rage ɓeraye da su, kuma mutum ne mai son a yi hira da shi kan abin da yake so. Ya ce mu riƙa zuwa ranar Juma'a da sassafe, yana nan tare da mu, mu gwada har mu gaji. Bindiga uku ya shimfiɗa mana a kan tabarma, dukansu ƙanana, irin waɗanda wutar harsashinsu ke gefen gindi ba a tsakiya ba, shi ya sa ba a tunkarar babbar dabba da su. Ta farko ita ce .22 ta gargajiya, wadda duniya ta sani, harsashinta a hankali yake tafiya kuma ba ta da ƙara. Lawali ya sa mata Jaki. Ta biyu .22 ce ita ma, amma mai dogon kwanso da ƙarin albarushi, Turawa na ce mata magnum, shi kuwa ya ce Mai Tsawa. Ta uku sabuwa ce fil, ba ta daɗe da fitowa ba a lokacin, wato .17, harsashinta siriri ga gudu. Ita ce Allura.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Lawali ya yi shekara goma bai taɓa bindiga ba, amma da ya ɗora Jaki a kan buhun yashi ya sa ido a madubin saiti, ni kaina sai da na daina surutu. Harbi biyar a mita hamsin, duka biyar suka taru a jikin takardar da aka kafa, a wurin da gindin kofin shayi zai rufe. Bu Saif ya ce masha Allah, ya dafa kafaɗarsa. Ni kuwa Bakano, ina zan iya barin abin ya tafi haka? Na taɓa gani a wata mujallar Bu Saif cewa Turawa da inci ɗaya suke auna gwanin harbi. Na laluba aljihu na ciro dirhami, kuɗin ƙarfen nan mai hoton butar gahawa, wanda faɗinsa ya kusa inci ɗaya, na ɗora a kan takardar. Huji biyu suka leƙo waje.

Na ce, "Ɗan Sarkin Bakan ke nan? Saura kaɗan, Badamagare. A Kano ko mai tallan goro ya fi haka."

Aka yi dariya, har da shi. A kan hanyarmu ta dawowa ya sa na tsaya a wani kanti, ya shiga ya sayo littafin rubutu mai layi-layi. Ban kawo komai a raina ba.

Ban ce binciken nasa shirme ba ne. Abin da na sani game da waɗannan bindigogi duk a bakinsa na ji, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya nuna mini cewa a kusa Jaki ba ta da laifi ko kaɗan, amma da an wuce mita saba'in ko tamanin sai harsashinta ya fara sunkuyawa, dole mai harbi ya ɗaga saiti sama da abin da yake nufi, ya kuma san nisan da kyau. Mai Tsawa ta fi kai duka, ko dila za ta kayar, amma harbinta ya fi warwatsuwa a takarda, ga ƙarar da in ka yi ɗaya duk kuregen gonar sun shige rami sai gobe. Allura kuwa a miƙe take tafiya, inda ka ɗora layin madubi nan take sauka. Mutane na cewa iska na ɗauke harsashinta saboda rashin nauyi. Lawali ya jira ranakun da iskar arewa ke kaɗawa ya gwada, ya dawo yana murna kamar an yi masa haihuwa, wai ashe Jaki iska ta fi turawa, domin ita ce ke daɗewa a hanya.

Sai maganar nama, wadda a nan ne ya rabu da masu mujallu. Su a wurinsu dabbar da ke ɓarna a gona abin kashewa ce kawai, har yabon harsashi suke yi idan ya tarwatsa ta. A ƙauyen su Lawali kuwa kurege ɓarawo ne da safe, miya ne da yamma, kuma dokar mahaifinsa ita ce maharbi ba ya ɓarna. Don haka ya riƙa sayo kajin firji, ya rataye su a jikin dabino, ya harbi kowace da bindiga ɗaya, sannan ya zauna ya fede yana rubutu. Jaki takan huda ta wuce, nama lafiya lau. Mai Tsawa takan ɓata gefe guda. Allura kuwa sai ta mayar da ƙirjin kaza dambu tun kafin a kai ga tukunya. Kuma da yake ba a ɓarna, kajin nan mu ke cinye su. Na yi wata da watanni ina tauna farfesu a hankali ina tsintar darma a baki, duk a kan kuregen da ban taɓa gani ba.

Tun a wata na biyu na faɗa masa abin da duk mai hankali zai faɗa. Na ce harsashin Jaki ko a Damagaram za a samu, na Allura kuwa sai an yi sa'a ko a nan Dubai, kuma bindigar da babu harsashinta sanda ce, sandar ma mai nauyi. Ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, ka yi gaskiya, amma bari mu ga ɗari." Muka koma mita ɗari. Kafin a je ko'ina ya tara biyar a ƙarƙashin dirhami da Allura. Na ce masa Allurar ce ta iya, ba shi ba, in ya isa ya yi da Jaki. Wasa nake yi, Allah shi ne shaida. Shi kuwa ya juya shafi ya ja sabon layi.

Damina ta farko ta wuce yana gwada harsasai iri-iri, har ya gano cewa masu tafiya a hankali sun fi masu gudu taruwa wuri ɗaya. Ya aika da kaset ya ce baɗi. Tsohon ya amso ya ce babu komai, ya roƙi mutane sun sake shuka, Allah ya kai mu. Damina ta biyu ta wuce yana nazarin yadda zafin rana ke sa takarda rawa a cikin madubi. Kaset ɗin da ya zo a wannan karon gajere ne. Muryar tsohon ta yi sanyi, ya ce wasu sun yi shuka har sau uku, kuma an fara yi masa gaisuwar da ba ya so, ana tambayarsa ko jirgin Dubai ya sauka. Na yi wa Lawali faɗa sosai a ranar. Na ce garin neman gira zai rasa ido, na ce manomi ba ya cin inci. Bu Saif ma ya gaji, ya ce da ɗan Larabcinsa, "Kalas, ya isa haka, ya Lawali, yalla, je ka wurin babanka." Amma Juma'a na zagayowa ni ne dai na ɗauko mota, kuma dirhamin yana aljihuna.

A yau idan na ga yara a ofishinmu sun buɗe shafi goma a kwamfuta suna gwama wayar hannu da wayar hannu, nakan gode wa Allah da bai nuna wa Lawali wannan zamani ba. Shi da mujallu uku tsofaffi suka riƙe shekara uku, ina ga an ba shi intanet, inda kowane Bature mai bindiga ke da ra'ayi kuma ba ya gajiya da faɗinsa? Da ko kabarinsa sai ya nemi a gwada masa uku. Ina faɗin haka ina dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Juma'ar da ba na so in tuna ta zo ana saura 'yan makonni damina ta uku. Takardar neman hutunsa tana aljihun rigarsa, ya cike, ya sa hannu, washegari Asabar zai miƙa, domin a lokacin ranar Asabar ake komawa aiki. Gari ya waye babu iska ko ta kaɗa ganye. Ya kwanta da Jaki a mita ɗari, ya yi bisimilla, ya saki biyar a tsanake, tsakanin kowane harbi sai ya ɗaga kai ya numfasa. Muka taka zuwa wurin takarda. Tun daga nesa na ga abin da ya faru. Na ɗora dirhamin, ya rufe su duka biyar, ruf, babu ragi. Bu Saif yana can yana haɗa gahawa, mu biyu ne kawai a wurin. Sai na sa babban yatsa na ɗan gusar da kuɗin, gusawar da ba ta kai ƙwayar gero ba, har bakin huji ɗaya ya leƙo.

"Saura kaɗan, Badamagare."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya cire ta daga kwali, ya ninke gida huɗu, ya sa cikin littafi. Ya ce, "Bon. Sai baɗi ke nan." Na yi dariya, na ɗauka ramuwar wasa ce. A mota na yi niyyar in faɗa masa, sai girman kan Kanawa ya ce bari sai Juma'a mai zuwa. Ranar Asabar bai miƙa takardar hutun ba. Da na ji, na kira shi na zazzage masa, na ce masa mara cika alkawari, na ce ya bar tsoho a rana. Komai na faɗa masa ban da abu ɗayan da ya kamata in faɗa.

A wannan daminar aka sa guba. Ƙanensa Habu ne ya bugo waya daga Matamai ya faɗa. Mutane ba su yi shawara da kowa ba, kuma ban ga laifinsu ba, wanda ya yi shuka uku a shekara ba a yi masa wa'azin haƙuri. Cikin mako guda zabin maƙwabta suka zube, karen Sarkin Baka ya ci mushen gafiya ya mutu a ƙofar gida. Daga ranar tsohon ya daina fitowa gindin bishiyar da maharba ke zama. Kaset bai sake zuwa ba. Lawali ma bai sake cewa mu je gona ba, ni kuma kunya ta hana ni tayar da zancen. Bayan 'yan watanni ya faɗi a cikin sito a Ras Al Khor da la'asar, yana sauke kwali. Likita ya ce zuciya ce. Ba zan ce baƙin ciki ya kashe shi ba, ajali ne, kuma ajali ba ya neman dalili wurin kowa.

Maigidansa ya tattara kayansa ya ba ni. A ciki akwai littattafai uku, cike da rubutu, rabi Faransanci rabi Hausa. Na buɗe shafin farko, na Juma'ar farko, wato ranar kofin shayi. Ya jera sunaye uku, Jaki, Mai Tsawa, Allura, a ƙasa ya rubuta, "Jaki ta isa," ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Tun ranar farko ya san amsa. Amma a gefen dama na shafin akwai wani gida da ya ware, a kansa an rubuta "Bakano". A cikin gidan: "saura kaɗan." Na juya shafi, haka. Na juya wani, haka. Shekara uku mutumin nan yana rubuta wasana a littafi kamar sakamakon gwaji, tare da nisa da iska da irin harsashi. A shafin ƙarshe takardar nan ce a ninke, kuma a ƙarƙashin "saura kaɗan" ya ƙara da ƙaramin rubutu: "Ni dai na ga kamar ta rufe."

Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da shi har yau. Ya gani da idonsa. Mutumin da bai yarda da mujalla ba sai ya gwada, bai yarda da Bu Saif ba sai ya gwada, me ya sa ya yarda da ni? Ya san dokar wasan nan kamar yadda na san ta, ya san ko a ƙwayar idon ƙuda ya tara biyar ba zan ce ya iya ba. Na daɗe ina juya wannan tambaya. Abin da na iya fahimta shi ne, ɗan Sarkin Bakan da ya bar dawa ya tafi makaranta, ya bar makaranta ya tafi sayar da kayan mota, yana tsoron ranar da zai kwanta a gaban tsofaffin maharba ya yi kuskure. Yana neman mutum ɗaya da zai ce masa ya isa kafin ya je. Allah ya sa mutumin da ke kusa da shi Bakano ne.

Kada in cika zargin mamaci, ni ma shekara uku littattafan nan suka yi a ƙarƙashin gadona ina cewa baɗi. Sai bara na je gida hutu, na hau mota daga Kano ta Daura na tsallaka. Na tarar da Sarkin Baka a zaure, idon ya tafi gaba ɗaya. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne, ya ce ya san muryata, ni ne mai dariya a bayan kaset. Na miƙa masa takardar. Ya shimfiɗa ta a gwiwa ya bi ta da yatsa har ya sami hujin, ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Daga ina ya harba wannan?"

Na ce, "Baba, kamar daga nan zuwa rijiyar da na wuto a bakin gari."

Ya ce, "Wa ya ce masa daga can ake harbin kurege? Raminsa ake nema, ɗana. A zauna ta inda iska ba za ta kai masa wari ba, taku ashirin, a jira hantsi ya fito shan rana. Ni da bindigar adaka na yi ta yi har ido ya ƙare. Da wannan hannun ya zauna shekara uku?"

Ban san lokacin da na faɗa masa komai ba, har da yatsan da na sa. Na zaci zai yi fushi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi kuɗin. Ya ɗora a kan hujin, ya zagaya bakinsa da yatsa a hankali, sau biyu.

Ya ce, "Ta rufe."

Na ce, "Ta rufe, Baba."

Ya ce, "Ni kake faɗa wa? Ai ba ni na harba ba."

Ya riƙe takardar, ya mayar mini da dirhamina. Kafin in taso Habu ya zagaya da ni gonaki. Guba ta zama ruwan dare, ana sayar da ita kusa da mai gishiri. Ba a jin kukan zabin dawa, kuma babu uwar da za ta yarda a shigo mata da kurege gida. Kuregen kuwa suna nan, na ga biyu da idona a kan kunya, sun ƙoshi.

To me ya rage na Lawali? Dubai da ya sani tana canza fata kullum. Hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, jirgi na gudu a saman titi, bana kuma kasuwa ta faɗi har manyan gine-gine sun tsaya cak babu ma'aikata. Shagon da ya yi wa aiki ya koma hannun wasu, ba su ma san sunansa ba. Littattafansa uku suna nan, kuma duk mai son sanin bambancin ƙananan bindigogin nan zai same shi a ciki dalla-dalla, babu ƙarya ko ɗaya, duk da cewa amsar tana layi na huɗu na shafin farko. Ya bar mini gaskiyar aiki, domin ban taɓa ganin mutumin da ya ƙi yaudarar takarda irinsa ba. Ya kuma bar mini tsoron bakina. Har gobe ina wasa da Damagarawa, ba zan fasa ba, gado ne. Amma yanzu idan na ga mutum ya tsaya yana kallon fuskata bayan an gama dariya, nakan san ba wasa yake jira ba.

Allah ya jiƙan Mahamman Lawali, ya yafe masa jinkirinsa, ni ma ya yafe mini nawa. Tsohon ya ce ba shi zan faɗa wa ba, kuma wanda zan faɗa wa ba ya karanta jarida. Duk da haka ga shi na rubuta, a gaban Kanawa da Damagarawa, kowa ya ji, kuma ba zan janye ba. Ni na gusar da kuɗin. Ta rufe, Lawali, duka biyar. Ka iya harbi.